Abin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Tukunyar shukar ta daɗe a kusurwar kantin, tsakanin buhunan omo da firjin lemo, har masu shara suka saba kewaye ta. Babu fure a cikinta, babu ganye, sai ƙasa mai laima da wani ɗan kwali da aka soke, an rubuta: "A nan muka binne takardar sabulunmu."

Auta ce ta binne ta. Yayanta ke yin sabulun, ita ke fita talla. Tun da suka bar leda suka koma naɗe shi a takarda mai ruwan ƙasa, ciniki ya ja da baya. Sun buga a jikin takardar cewa tana ruɓewa, sai mutane suka riƙa tambaya ko sabulun ne ke ruɓewar. Wasu kuwa suka ce rowar leda ce kawai aka yi wa ado da sunan kare muhalli. Hajiya mai kantin ba ta ɓoye mata ba: in tonon takardar da za a yi yau bai gamsar da masu saye ba, wani kamfani za ta ba kantar da ake jera sabulunsu.

Da hantsi mutane suka ɗan taru. A gaba akwai wani dattijo mai ritaya da ake kira Sai-Na-Gani, wanda ya riƙa leƙo tukunyar kullum don kada a musanya ƙasar.

"'Yata, tona a hankali," in ji shi. "Ni an taɓa sayar mini da takalmin da aka rantse ba ya tsufa. Kuma ba su yi ƙarya ba, bai kai ga tsufan ba."

Aka yi dariya, har da Auta. Ta yi bisimilla, ta juye ƙasar a kan babban faranti, ta shiga baza ta da yatsu. Takarda dai babu ita, sai wasu ɓurɓushi baƙi-baƙi da ke narkewa da zarar an taɓa su. Wata mata ta ce ikon Allah, ta miƙa hannu ta ɗauki sabulu biyu. Hajiya ta saki fuska.

A nan ne yatsan Auta ya ci karo da wani abu mai santsi. Ba sai ta duba ba, ta san shi: zirin salatif ne da suke liƙe bakin takardar da shi, wanda dillalin da ya sayar musu ya tabbatar wa yayanta cewa shi ma ƙasa na cinyewa. Ga shi lafiya lau, siriri, ƙasa ta rufe shi. Da ta dunƙule hannu, shi ke nan. Ta tuna yayanta tsaye kan tukunyar sabulu, da kwalayen da ke jibge a bayan ƙofa ba a fitar ba. Babu wanda ya gani cikin masu kallo, amma ba su kaɗai ke kallo ba.

Ta zaro shi, ta karkaɗe, ta ɗaga.

"Wannan bai ruɓe ba. Leda ce. An ce mana ba leda ba ce, mu kuma muka faɗa muku ba tare da mun gwada ba."

Matar nan ta mayar da sabulunta kan kantar, ta yi gaba.

"Ke kuwa wa ya aike ki?" Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa. "Ana yabonki salla, kin kasa alwala."

Sai-Na-Gani ya karɓi zirin, ya gyara tabarau, ya ja shi ta nan ya ja ta can.

"Wannan sai ya ga jikokin jikokina," ya ce. "To 'yata, kwalin can fa? Haka za ki bar shi?"

Auta ta ari biro wajen mai karɓar kuɗi, ta juya kwalin, ta rubuta a baya: "Takardar ta ruɓe. Salatif ɗin bai ruɓe ba. Za mu canza shi, mu sake binnewa." Ta liƙa zirin a ƙarƙashin rubutun.

Dattijon ya karanta har ƙarshe, leɓunansa na motsi.

"Rabi na gani," ya ce. "Saboda haka guda ɗaya zan saya. Kada ki ɗauka na yarda."

"Ban ɗauka ba, Baba."

Hajiya ta tsaya tana duban kwalin, tana duban mutum biyu da suka matso suna karantawa. Can ta nisa.

"Tunda rabi aka gani, rabin kantar za ki riƙe. Sauran sai an sake tono. Ki kwashe mini ƙasar nan, kada a taka."

Auta ta yi godiya, ta mayar da ƙasar cikin tukunya da tafin hannu. Sannan ta fita bakin ƙofa ta kira yayanta a waya.

"An dace?" ya tambaya, ƙarar injin yanka sabulu na tashi a bayansa.

"Alhamdu lillahi. Amma Yaya, tsayar da naɗin tukuna. Akwai magana."