Sandar Dikin

"Sake karanta min wurin," in ji matar Dikin.

Dogo ya gyara tabaraunsa da aka ɗaure da zare, ya ɗora yatsa kan ɗan littafin da aka buga don taron tunawa da mijinta. Shekara ashirin da shida suka yi tare da marigayin suna yashe magudanan ruwan birni.

"'Ya yi soja shekara tara. Ya yi hidimar dikin a majami'ar Baptis shekara talatin. Ya yi ritaya yana babban jami'i a hukumar birni.' Shi ke nan, Mama."

"Babban me?"

"Jami'i. Irin masu zama a ofis fanka na kaɗa su." Dogo ya yi 'yar dariya. "Ashe da manya na yi ta shiga kwata ban sani ba."

Ita ba ta ga abin dariya ba. Kwana uku tana yawo da littafin nan a jaka, tana nuna wa maƙwabta cewa ɗanta Lauya ya rubuta tarihin ubansa tsaf. Da bakinta ta tambaye shi ko ya sa aikin kwata, ya ce ya sa komai. Ya san ko sunanta ba za ta gane a takarda ba.

Ta sami Lauya a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a yana gyara wuyan kwat. Ruwan sama tun asuba bai tsagaita ba.

"Kai, wane ofis ubanka ya zauna?"

Ya kalli littafin da ke hannunta, ya kau da kai. "Mama, surukaina sun zo. Shugabana na wurin aiki ma yana nan. Ba ƙarya na yi ba, na ɗan gyara maganar ne."

"Gyara? Da ƙazanta ce maganar da za ka wanke ta? Ni na wanke kayan aikinsa shekara ashirin da shida, ban taɓa toshe hanci ba. Da warin nan ka yi karatun da kake min wayo da shi yau."

"Don Allah ki rage murya."

"Za ka faɗa musu gaskiya ko ni in faɗa?"

Fasto ya leƙo, ta maimaita masa. Ya shafa gemu, ya ce an riga an buga littafin, jerin masu magana kuma ya cika, ta yi haƙuri, ai a wurin Ubangiji duk aiki ɗaya ne.

"To me ya hana ku rubuta nasa?" ta ce.

Aka zaunar da ita a layin gaba. A kan tebur an jera Littafi Mai Tsarki na Dikin, da lambar yabonsa ta soja, da hotonsa cikin kwat ɗin aro na bikin Lauya. Su Dogo, abokan aikin Dikin su biyar, an tura su bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Aka yi waƙar da Dikin ya fi so, ita ko baki ba ta buɗe ba.

Lauya ya hau ya fara karatu. Yana kan shekarun soja sai ta ga mutanen baya suna ɗaga ƙafa. Ruwa ne baƙi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana bin tsakanin benci, da warinsa. Ta san daga inda ya fito. Akwai wata kwata a gefen matakala wadda Dikin ke buɗewa duk Asabar, ita tana riƙe masa lema idan ana ruwa. Wata uku da rasuwarsa babu wanda ya tuna da kwatar. Wata surukar Lauya ta tattare zaninta ta toshe hanci da mayafi.

Matar Dikin ta miƙe. Ta shiga ɗakin ajiya, ta zaro doguwar sandar ƙarfe mai ƙugiya daga bayan tsofaffin kujeru. Tsumman da Dikin ya naɗa a mariƙinta yana nan, ya yi baƙi da gumin hannunsa. Ta fito da ita ta gaban kowa daidai lokacin da Lauya ke cewa, "Ya yi ritaya yana..."

Ta miƙa masa. Ya karɓa don babu yadda zai yi.

"Ga kayan ofishin ubanka," ta ce, ba ta rage murya ba. "Kwata ya yashe, shekara ashirin da shida. Ga abokan aikinsa can kun ajiye a bakin ƙofa. Ku da ke toshe hanci, shi ya hana ku jin wannan warin tun da aka gina wurin nan."

Lauya na tsaye, takarda a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Su Dogo sun riga sun fara naɗe ƙafar wando.

Ta juya ta bi tsakiyar benci, ruwa na taɓa idon sawunta. Ita kaɗai ta san inda bakin kwatar yake idan ruwa ya rufe shi. Ta kusa ƙofa sai ta ji ƙarar ƙarfe a kan siminti a bayanta, Lauya ne ya biyo ta yana jan sandar.

"Ɗaga ta," ta ce, ba ta waiwaya ba. "Ubanka a kafaɗa yake ɗauka."