Zuma a Kan Wuta

Kwalba biyu ke kan tagar ɗakin gwaji, amma idon Selina yana kan wadda ba tata ba.

Ita da Faustina ɗaliban kimiyya ne a wata kwaleji a Kafanchan. Malam Gershon ya ba su aiki ɗaya: su tatso yajin da ya rage a ɓawon citta, wanda masu sarrafa citta ke zubarwa buhu-buhu. Sharaɗi guda, ban da kemikal ɗin nan mai guba mai warin fetur. Wadda nata ya fi kyau, da ita zai tafi taron masana a Kaduna.

Selina ta karance littafi bakwai, ta jiƙa ɓawonta a ruwan ɗumi, ya fito salam kamar shayin asibiti. Na Faustina kuwa jawur, ko daga bakin ƙofa ƙamshinsa sai ya sa mutum atishawa. Faustinar da ke kwafar aikin gida a wurinta tun aji ɗaya.

"Me kika zuba?" Selina ta tambaya, tana goge tebur mai tsabta.

"Zuma da lemon tsami. Mamanki ta koya mani fa. Ranar Lahadi na bi ta gidanku a Zonkwa bayan sujada."

Selina ta daina goge teburin. Tun tana ƙarama take ganin kwalaben Mama na maganin tari, har ita ce ta ba Faustina labarinsu tana dariya.

"Kira ta mana, Farfesa," in ji Faustina. "Akwai yadda ake yi."

Selina ba ta kira ba. Saura kwana biyu a yi gwaji, kuma littafi ya ce zafi na hanzarta aiki. Ta sayi zuma, ta matse lemo, ta zuba ɓawon citta, ta ɗora a risho ta ƙara wuta. Zumar ta yi kumfa, ta yi baƙi, ta kama gindin tukunya.

Ranar gwaji Malam Gershon ya sansana kwalbarta, ya mayar da murfin a hankali.

"Wannan alewa ce ko kwalta?" Ya juya. "Faustina, ki shirya jakarki."

A bayan ɗakin gwaji Selina ta danna lambar Mama, ta gaya mata yadda aka yi.

"Kin dafa?" in ji Mama. "Wa ke dafa zuma? A kan kwanon ɗaki ake ajiyewa, kwana uku, rana ta yi aikinta. Ke ce ma kike hawa tsani ki sauko mani da su."

"Amma Mama, me ya sa ita kika gaya wa?"

"Ta zauna ta taya ni fasa citta, ta tambaya. Ki ce mata ta saka atamfar da na ba ta, Kaduna ba a zuwa haka nan."

Selina ta san atamfar. Shuɗiyar nan ce ta ƙasan akwati, wadda ta daɗe tana zaton ita Mama ke ajiye wa.