Sunan Ɗan Fari

Tun ranar da Inna Rahamatu ta ɓata a hanyar dawowa daga kasuwar Sule Tankarkar, hanyar da ta fi shekara arba'in tana bi, ɗanta Sha'aibu ya ce ta tattara ta koma gidansa a Gumel. Ita kuwa ta ce sai dai gawarta. Aka raba gardama: ta yi wata uku tana horon ƙwaƙwalwa a 'yar kwamfutar asibiti. In ta ci gwajin ƙarshe, ta zauna a ɗakinta.

Yau ce ranar. Murja, ma'aikaciyar lafiya, ta ɗora mata kwamfutar a cinya. Sha'aibu na tsaye a kanta kamar mai gadi.

"Inna, hotunan 'yan gidanku ne. Kowa ya fito, ki faɗi sunansa kafin jan layin nan ya ƙare. Kuskure ɗaya kika yi, kin faɗi."

Jikarta ta fito. "Ummukulsum." Ƙanin Inna ya fito. "Sajo, sarkin rowa." Murja ta yi dariya.

Sai ga hoton Sha'aibu.

Ta san tabon girarsa, ƙahon tunkiya ne. Ta san ranar Laraba ta haife shi, ana ruwa. Sunan ne babu. Ta laluba, ta laluba, wayam. Jan layin yana ta gajarcewa, gumi ya karyo mata. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta ɓata.

Kwamfutar ta yi ƙara.

"Inna?" in ji Sha'aibu.

Murja ta dafa kai. "Kash! Laifina ne, Alhaji. Ba kai ne ɗan fari ba? Ina ka taɓa jin Inna ta kama sunanka? Kwamfuta ba ta san kunya ba. A cire wannan, ta ci."

Sha'aibu ya yi ajiyar zuciya, har da dariya. "Wallahi tunda nake ban taɓa ji ba."

Inna ta sunkuyar da kai, ta bar su a haka.

Ya rako ta har bakin mota, mutane na ta gaishe shi. Ta kasa kunne, ko Allah zai sa wani ya kira sunan ta tsinta. Mai gadi ya ce Alhaji. Direba ya ce Yallaɓai.