Gyaɗar Ungozomomin Kurugu

Akwai wani irin lissafi a jami'a wanda ba da lamba yake farawa ba, da zato yake farawa. Mutum ya faɗi abin da yake tsammani, sai shaida ta zo tana gyara masa kaɗan-kaɗan, kamar yaɓen katanga bayan damina. Lissafin Bayes ake ce masa. A kansa Ummu Hani 'yar Kurugu take neman digirin dakta a Kano, tana auna inda ɗan abin da aka ware wa lafiya zai fi ceton rai.

Wata ƙungiya ce ke da mota guda ta ɗaukar masu naƙuda, ta ce za ta ajiye ta inda lissafin ya nuna, ko Kurugu ko wani ƙauye a ƙasar Rogo. Na Rogo suna da shaida, don ɗakin shan maganinsu yana rubutawa. Matan Kurugu kuwa a ɗaka suke haihuwa, ba mai rubuta komai. Inda shaida ta yi ƙaranci, zaton masana ake dogara da shi, masanan nan kuwa ungozomomi ne.

Ta tara su a tsakar gidan gwaggonta Maijidda, wadda ita ce babbarsu. Ta jera ƙoƙuna biyar, ta ba kowacce tafin gyaɗa. Ƙoƙon farko yana nufin baɗi kusan ba wadda jini zai ɓalle mata wajen haihuwa, na ƙarshe yana nufin da yawa. Kowacce ta raba gyaɗarta yadda zuciyarta ta fi rinjaya.

Duk suka juye a ƙoƙon farko.

"Gwaggo, bara fa mata nawa kuka ɗora a babur zuwa asibitin Karaye?"

"Bara ta wuce," in ji Maijidda. "Baɗi kika tambaya. Surukata tana da ciki, ni zan zuba mata gyaɗa a wancan? Da hannuna?"

"Ai ba fata ba ne, kintace ne."

"Ashe boko ba ya maganin wauta," in ji Laure, wata ungozoma mai haƙori ɗaya. "Baki ma yana kama mutum, balle hannu."

Da Ummu Hani ta shigar da wannan a kwamfuta, sai ta nuna duk ƙasar babu inda haihuwa ta kai Kurugu sauƙi. Motar ta Rogo ce ke nan. Tana iya gyara lambobin da kanta, amma sai zaton ya zama nata, ba nasu ba.

Washegari ta sake tara su.

"Akwai wani gari can gabas," ta ce. "Rafi yana yanke musu hanya da damina, kamar nan. Asibiti da nisa. Matansu a ɗaka suke haihuwa."

"Muna da dangi a can?" in ji Maijidda.

"Ko ɗaya."

"Ungozomominsu fa, sun iya?"

"Kamar ku suke."

"To da sauƙi," in ji Laure, aka yi dariya.

Ummu Hani ta ce su raba gyaɗar a kan matan wancan garin. Sai ga gyaɗa ta watsu a ƙoƙunan. Suka yi ta gardama a kan damina da hawan babur da cikin fari. Maijidda ta daɗe a tsugune, ta ɗauki ƙwaya daga ƙoƙo na uku ta mayar na huɗu, ta sake ƙara wata. Da suka gama, Laure ta dubi ƙoƙunan ƙarshe ta girgiza kai.

"Allah sarki, bayin Allah. Allah ya kawo musu ɗauki."

Aka ce amin.

Ummu Hani ta rubuta yadda aka yi duka a kundinta, har da garin da babu shi. Malaminta ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, ya sa ta ƙara shafuka na kare kai, sannan ya sa hannu. Lissafi ya karkata zuwa Kurugu, da ɗan rinjaye kaɗan.

Motar ta iso kafin ruwan farko, fara ce, aka yi mata rumfar kara. Ƙauyen Rogo kuwa aka ce su jira wata shekarar.