Shinkafar Gidan Surukai

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haifi Mish'al, a nan aka haifi ubansa. Duk gidan, kakarsa Iyatu ce kaɗai ta taɓa ganin Kano da idonta. Hausarsa ta isa a aike shi kanti, ba ta isa faɗa ba. In ransa ya ɓaci, Larabci ke fita.

Turanci yake karantawa a kwaleji, shekarar ƙarshe. Zangon nan aka ba su gajerun labarai da waƙoƙin Amurka, yawancinsu a kan 'ya'yan baƙi. Yaro ya tashi da harshe biyu, a gida a ce ya lalace, a waje a ce ba ɗan gari ba ne. Ƙarshenta ya ɗauki jaka ya bar gida, ya zaɓi ɗaya ya binne ɗaya. Mish'al yakan rufe littafin ya ture shi gefe. Ya san yaron nan.

Ga kuma Mubina, yarinyar da yake so. Ubanta Malam Ja'afar tela ne a unguwar Mansur, Bakano, shekara ashirin yana Makka a kan igama, takardar zaman baƙi. Saƙonsa gajere ne: yaron ya zo bayan sallar Juma'a. In an ga tarbiyya, a turo manya. In ba a gani ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Mish'al ya ce a ransa, to, ranar zaɓi ta zo. A Bahaushe zai je.

Kwana uku Iyatu tana horar da shi a falo.

"Tsuguna, mijina. Ba haka ba, kamar mai gyaran taya! Sunkuyar da kai. Kada ka kalli idonsa. Kada ka kuskura ka sumbaci kansa irin na mutanenku."

"Su waye mutanenmu, ya sitti?"

"Kai ka sani. Sai babbar: ko me aka kawo, ba ka ci. Suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. Kakanka da ya zo gidanmu, fura har ta tsinke bai dube ta ba."

"In ina jin yunwa fa?"

"Ka mutu da mutuncinka. Ni dai da ka haƙura da ni, ai da babu wannan wahalar."

Ranar Juma'a ya hau bene na uku a Mansur, ya cire takalmi tun daga matakala. Malam Ja'afar na zaune a kan darduma, ba hula, ya ɗan miƙo kai gaba. Mish'al ya zube can bakin ƙofa.

"Barka da rana, Baba. Mun same ku lafiya? Ya iyali? Ya aiki? Ya... ya iyali?"

"Ahlan, ahlan ya waladi," in ji Malam Ja'afar. "Tafaddal, matso."

Bai matsa ba. Aka turo tire ta ƙarƙashin labule: shinkafa buhari, kaza biyu a kwance a kai, zabibi da karas, ga yaji a gefe. Ƙamshi ya cika ɗakin. Tun safe Mish'al bai sa komai a cikinsa ba.

"Bismillah."

"Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi."

"Ko loma ɗaya."

"Na ƙoshi."

Sau uku ana yi. A na uku Malam Ja'afar ya janye hannunsa daga tiren. Shekara ashirin yana ɗinka wa Makkawa riguna, ya san su: baƙon da ya ƙi abincinka, kai ya ƙi. Fuskarsa ta sauya.

"Na gane," ya ce a hankali. "Abincin tela ne. Ɗan ƙasa mai takarda, ina shi ina tiren ɗan igama. Ka gaida gida."

Bayan labule wani cokali ya faɗi.

Mish'al ya ɗago kai, abin da aka hana shi. Ya ga idon dattijon, ya ga Mubina na kuɓuce masa saboda kaza biyu. Hausar ta gudu, Larabcin ya taso, suka yi karo a bakinsa.

"La wallahi ya ammi! Ni yunwa nake ji, hatta cikina yana kuka! Sitti ce, kakata, ta ce mamnu'u, suruki ba ya ci, kakana ma fura ta mutu bai sha ba!"

Sai kafaɗun Malam Ja'afar suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Fura ta mutu! Inna lillahi. Kunya kake yi mini?"

"Kwana uku ina koyo."

"Ni kwana huɗu! Waccan ja'irar," ya nuna labule, "ita ta ce in cire hula, wai za ka sumbaci kaina. Tun ɗazu na miƙa wuya kamar rago a Mina, har ya ƙage."

"Baba, ai ban ce ka miƙa tun daga nesa ba," in ji Mubina daga bayan labule, tana danne dariya.

"Rufe mini baki. Kai kuma taso, kada wuyan nan ya tafi a banza."

Mish'al ya rarrafa a tsugune, don ƙafarsa ta riga ta mutu, ya sumbaci kan dattijon. Sannan ya zauna gaban tire, kansa a sunkuye yadda Iyatu ta koya masa, hannunsa na aiki yadda Hindawiyya ta koya masa. Kaza ɗaya ta tafi. Malam Ja'afar ya turo masa cinyar ta biyu.

Da la'asar ya shiga gida. Iyatu ba ta tambaye shi komai ba, hannunsa ta kama ta shinshina.

"Ka ci."

"Har da ƙari."

"Wayyo, ka kashe mu! Me ya ce?"

"Ya ce a turo manya ranar Talata. Ya ce a zo da ke, wai yana son ganin wadda ta kusa sa shi asarar kaza."

Iyatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta taga. Sannan ta dungure masa kai.

"Ni in na je, ba abin da zan ci."

"Buhari ce, ya sitti. Da zabibi."

Ta haɗiye yawu.

"To, a zuba mini a kwano in taho da ita."