Ranar da Na Yi wa Baban Auta Aski

Ni ban yi nisa a makaranta ba, karatu yana ba ni wuya, amma ina son a ba ni labari. Shi ya sa ban taɓa gajiya da Ticha ba. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kansa ƙwal babu ko sili ɗaya, amma kullum da hantsi yana kan bencin shagon askina, ƙarƙashin fanka, da littafi a hammata. Littattafan nasa duk kusan iri ɗaya ne: wani ya ƙera inji, ya shiga, ya murɗa wani ƙarfe, sai ga shi a shekara ɗari da ta wuce, ko dubu mai zuwa. Ticha ya ce mutane na son su ne don babu wanda ba shi da wata rana da yake so a maimaita masa.

Auta kuwa, budurwata, a kantin magani take aiki, tsallaken titi. Wata takwas muna tare, ban taɓa wuce ƙofar gidansu ba. Babanta, tsohon direban motar dogon zango, ya ce ba zan shiga ba sai ya zo ya ga kamun hannuna da idonsa.

"Kar ka cika shi da tambaya," in ji Auta. "Abin da ya ce, yi kawai."

Ranar Talata ya zo. Dogo ne, da wani tulin furfura a saman goshi wanda ya sha mai, an taje shi ya miƙe tsaf. Na gaishe shi har ƙasa, na kakkaɓe kujera sau biyu, na yafa masa ƙyalle, na kunna kilifa na fara da gefe.

Ticha ya samu sabon kunne, ai ba zai bari ba.

"Direba, kai da ka sha hanya, in an ba ka motar da ke tafiya cikin zamani, za ka hau?"

"Tana da birki?"

"Littafin bai faɗa ba."

"To wannan ba mota ba ce, ajali ne."

Ticha ya gyara zama, ya ba shi labarin wani da ya koma can da, ya hana kakansa haɗuwa da kakarsa. "To ka ga, in ba su haɗu ba, wa aka haifa har ya je ya raba su?"

"Ɗan banzan yaro," in ji Baba. "Me tsohon ya tsare masa?"

Na gama gefe biyu. Kilifar tawa tsohuwa ce, ƙararta kamar injin niƙa, Ticha kuma a bayana yake, ban ji ya sake jefo wata tambayar ba. Sai daga baya na san cewa ya yi: gaba za ka nufa ko baya? Ni kuma a daidai lokacin na sunkuya, cikin ladabi na ce, "Baba, gaba da baya fa, yaya za a yi?"

Baba ya riga ya lumshe ido. "Gaba? Me zan yi da gaba? A share ta, ba na so. Baya dai, a bar mini baya yadda take."

Na dubi furfurar nan mai sheƙi. "Duka, Baba?"

"Duka. Me ke cikinta ban da ciwon gwiwa?"

Ban gane inda gwiwa ta shigo ba, amma an ce kar in cika tambaya. Na cire matajin kilifa, na ɗora ta a goshi, na tura.

Shi kuwa ya ci gaba, ido a rufe, muryarsa ta yi laushi. Ya ce shi ba shekara dubu yake nema ba. Wata safiya ce a tasha, ya manta fulas ɗin shayinsa a gida, marigayiya maman Auta ta biyo shi da shi, ɗankwali a karkace, tana yi masa faɗa a gaban fasinjoji. Shi kuma ya karɓa ya ja mota, ko sannu bai ce ba.

"Minti biyar ma ya ishe ni. In kashe mota, in bar ta ta gama faɗanta."

Idona ya kawo ruwa. Hannuna dai bai tsaya ba, furfura na zuba kan ƙyalle.

Shirun Ticha ne ya ankarar da mu, don ba a taɓa jin irinsa ba. Baba ya buɗe ido. A madubi, daga goshi har tsakiyar kai fili ne fetal, baya kuma yana nan cunkus yadda ya zo da shi.

Ya daɗe yana kallo. Ya juya hagu, ya juya dama.

"Wa ya ce ka yi wannan?"

"Ku ne, Baba. Kun ce a share gaba."

"Da Ticha nake!"

"Ni ma na yi tambaya, Baba."

Ticha ya rufe fuska da littafi, kafaɗunsa na girgiza.

"Kai mai littafi, injin nan naka yana kusa?"

"Shafi na arba'in yake."

Na tsaya riƙe da kilifa, na riga na sallama Auta a raina. Na ce, "Laifina ne, Baba. Da na sake tambaya."

"Ka sake ai. Na ce duka." Ya shafa wurin, ya ja tsaki. "Shekara talatin ina rainon gashin nan. Amma layin ya fita, ba karkata. Ƙarasa bayan, kar in fita kamar motar da aka cire wa gilashin gaba."

Na ƙarasa, na shafa masa hoda. Ya miƙe, ya zare hular da ke rataye jikin ƙusa, tawa ce, ya kifa a kai.

"Rufe shagon. Kai za ka yi wa Auta bayani da bakinka, ni ba zan iya ba."

Muka bi titi, shi a gaba ni a baya. Ranar hutun Auta ce, ita ta buɗe ƙofar gidan. Ta dube ni, ta dubi hulata a kan babanta. Baba ya cire hular ya miƙo mini. Auta ta toshe baki da hannu biyu, ta jingina da bango, ta sulale har ƙasa.

Ni ina bakin ƙofa, inda na saba tsayawa.

"In kin gama," in ji Baba, "ki kawo masa kujera. Kai kuma shigo, kana tare mana iska."