Soron da Aka Hana Taɓawa

A shekarar da gwamnati ta tuna cewa muna da kakanni, aka kafa wani abu wai shi Kwamitin Adana Gadon Kakanni. Aka ba shi ofis mai iyakwandishan, da fijo biyu, da darakta mai suna Alhaji Balarabe. Wannan bawan Allah tun da ya dawo daga karatu a Ingila bai ƙara kwana a ɗakin ƙasa ba, ko ta'aziyya ya je garinsu a gidan saukar baƙi yake sauka. Amma in ya tsaya gaban lasifika yana maganar al'ada, har muryarsa rawa take yi. Shi ya yanke cewa za a gina soro irin na da a wani fili a unguwar Malali ta Kaduna, domin baƙin da za su zo bikin al'adu na 1988 su ga inda muka fito.

Kwangilar ta faɗa hannun wani Inuwa, mai sayar da tayar mota a Babbar Kasuwa, wanda saninsa da gini bai wuce ya bambanta ƙofa da taga ba. Ya yi ta cigiya har aka kai shi Kurmin Mashi, wajen Sambo Magini.

Sambo Bakano ne, gini kuwa gadonsa ne uba da kaka. Neman abinci ya kawo shi Kaduna, garin da ba mai son ginin ƙasa sai wanda ya rasa yadda zai yi, don haka ya shekara ashirin da wani abu yana jera wa mutane bulo da siminti. Yana yi yana raina aikin, cewa yake ko akuya aka ba igiya da cokalin gini za ta jera bulo. Ya haura sittin, kuma abu ɗaya ne ke cin ransa. Ya koyi ɗaurin rufin soro a hannun ubansa har ya fi uban, ga shi zai koma ga Allah babu gini ko ɗaya a duniya da za a nuna a ce wannan hannun Sambo ne.

Da Inuwa ya ce masa wata ɗaya ake so a gama, Sambo ya dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, wata biyar, kuma da rani. In ba haka ba, nemi wani."

Inuwa ya nema bai samu ba, ya dawo yana washe baki.

To, sai ga tsoho ya koma saurayi. Shi ya zaɓi ramin da za a haƙo ƙasa, sai da ya murza ta a tafinsa ya shinshina. Aka kwaɓa ta da ciyawa, aka tattake, aka bar ta kwanaki ta ruɓe, aka sake tattakewa. Ya mulmula tubali da hannunsa, ya ƙi ɗora ko ɗaya sai da rana ta gasa shi. Bango kuwa jeri uku yake yi ya sauko, sai ya bushe a ƙara, Inuwa yana gefe yana ta duba agogo kamar da agogo ake busar da ƙasa. Ya ɗaure azara ya lanƙwaso rufin daga kusurwa huɗu suka haɗu a tsakiya, ba ginshiƙi. Ya kafa indararo huɗu na zubar da ruwan sama, sannan ya shafe jikin ginin da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwa cin bango. Ranar da ya gama zanen bakin ƙofa, ya shiga ciki shi kaɗai da tsakar rana, ya zauna a sanyin nan ya yi kuka. Kukan murna ne, kuma da leburori suka leƙo bai ɓoye musu ba.

Ranar buɗewa an yi abin da aka saba. An kwaso makaɗa a tifa tun hantsi an shanya su a rana har la'asar, manya sun zo a makare, an yanka ƙyalle, Alhaji Balarabe ya yi jawabin awa guda da Turanci a kan darajar harshen uwa. Allon ƙarfen da aka kafa yana ɗauke da sunan Kwamishina da na Darakta da na Inuwa mai taya. Sambo yana can bayan igiya tare da masu tallar gyaɗa, bai kuma damu ba, shi dai soronsa yake kallo. Abin da ya dame shi daban ne, shi ya sa ya bi Inuwa har bakin mota.

"Alhaji, don Allah a gaya musu. Ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an cire ciyawa, an buɗe indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. In ana haka, jikokin jikokinmu za su zauna a ciki. In ba a yi ba, damina biyu ta ishe shi, balle ruwan Kaduna."

"An ji, Baba, an ji," in ji Inuwa, ya ɗaga gilashi.

Bayan biki Kwamiti ya yi zama ya yi tunani, wanda shi ne abin da ya kamata a ji wa tsoro. Suka zagaye soron da waya, suka sa ƙofar ƙarfe, suka gina ɗakin gadi na bulo, suka ajiye wani tsohon soja mai suna Mamman. Sannan suka kafa allo da jan fenti: KAYAN TARIHI NE, AN HANA TAƁAWA. Soron bai cika wata biyu a duniya ba ya zama tarihi.

Daminar farko ta zo ta wuce lafiya. Duk Juma'a in an sauko masallaci Sambo yakan hau bas zuwa Malali ya tsaya bakin waya yana dubawa. Da rani ya yi nisa ya ga ciyawar da ta tsiro a rufi ta bushe a wurin, ya ga tsaga ta fara a gefen gabas, ya ga tantabaru suna shiga indararo da tsinke a baki. Bai jira kowa ba. Ya jiƙa makuba, ya aro tsani, ya turo baro tun daga Kurmin Mashi, ya iso yana haki.

"Ina zuwa, Baba?" in ji Mamman.

"Yaɓe na zo yi. Ruwa ya kusa."

"Ba ka ga allo ba?"

"Ni na gina shi, ɗan'uwana."

Mamman ya san haka, don sun sha cin goro tare a bakin wayar nan. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin ana ba shi oda, bai san wata magana bayan oda ba. "Ko kai ka haife shi, Baba, an ce kada a taɓa. Je ka ofis ka karɓo takarda. Ni 'ya'ya tara gare ni."

Sambo ya tafi ofis. A nan ya sami wata Ramatu mai buga tafireta, ta ce ya rubuto da Turanci, kwafi uku. Ya je wajen mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya aka rubuta. Ya kawo, aka ce ya dawo mako mai zuwa. Ya dawo, aka ce Darakta ya tafi Legas taro a kan yadda za a ceto sana'o'in gargajiya. Ya sake dawowa, aka ce Darakta ya dawo amma yana hutun gajiyar taron. Benci guda ne a barandar ofishin, kuma Sambo ya san kowace ƙusa da ke jikinsa. Yana zaune a kai ruwan farko ya sauka, ya ji kamar a ƙirjinsa ake zubawa.

Sai cikin watan Yuli amsa ta fito, Ramatu ta karanta masa tana fassarawa. Kwamiti ya yaba da kishinsa. Sai dai ba za a bar kowa ya taɓa ginin ba sai ƙwararre mai takardar shaida, kuma ana nan ana neman ɗaya daga ƙasar waje.

"'Yata, ni fa na gina shi."

Ta buɗe fayil ta duba, ta juya takarda ta sake dubawa. "Baba, a nan kamfanin Inuwa aka ce."

Ya sami Inuwa a kasuwa cikin tayoyinsa. Inuwa ya ce kwangilarsa ta ƙare tun ranar da aka yanka ƙyalle, ya miƙa masa ɓarin goro.

A gida matarsa Laraba ta gaji da ganinsa yana leƙa sama kamar manomin da ya yi shanya. "Malam, ka bar musu kayansu mana. Su suka ce a gina, su za su ji kunya."

"Waɗannan? Ai ba su san inda ake jin kunya ba," in ji shi. "Ginin nasu ne, Laraba, amma hannuna ne."

Wata ranar Laraba cikin Agusta, da hantsi, Sambo ya ga hadari yana haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin, irin wanda ba ya wasa. Kwana uku ke nan ana ruwa, kuma jiya daga bakin waya ya ga ko ɗigo ba ya fita ta indararo. Ya san ma'anar wannan, ruwa yana kwance a kan rufi yana cin ƙasa a hankali. Ya ɗauki tsani da sanda ya nufi Malali, ya zagaya ta baya inda waya ta yi ƙasa, ya tsallaka, tsoho da shi, har wandonsa ya yage.

Da ya hau, ruwa ya kai masa idon sawu, rufin kuma yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Amma ya ga da sauran rai. In ya buɗe huɗun nan kafin hadari ya sauko, soron zai kai rani, a rani kuwa ko da tsiya sai ya gyara shi. Ya durƙusa ya zura sanda a indararo na farko, ya zaƙulo sheƙar tantabara da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ruwa ya ɓalle da ƙara, ƙarar kuwa ita ta fito da Mamman daga ɗakin gadi da kulki a hannu.

"Sauko! Baba, sauko, ka kashe ni!"

"Saura uku, Mamman. Ka ba ni ɗan lokaci kaɗan."

"Wallahi in ba ka sauko ba, ni zan hau in sauko da kai!"

Ya kuwa kama tsani ya fara hawa, ƙato da shi, da takalmin soja. Sambo ya san rufin ba zai ɗauki mutum biyu ba. Don ya ceci soron ya sauko da kansa, yana roƙo da Allah da Annabi. Mamman ya tisa ƙeyarsa cikin ɗakin gadi ya danna kwaɗo, ya ruga wani gida mai tarho ya sanar da ofis cewa ya kama mai ɓarna.

Ruwa ya kece daga azahar. Ta 'yar tagar ɗakin gadi Sambo yana kallon indararo ɗaya yana zuba iya ƙarfinsa, ukun nan shiru. Ya jijjiga ƙofa har hannunsa ya fashe, ya kira Mamman har muryarsa ta dushe. Wajen la'asar ya ga bangon gabas ya yi duhu daga sama zuwa ƙasa. Ya ji azara ta yi ƙara sau ɗaya, ta sake yi. Sannan rufin ya zauna ciki gaba ɗaya, jan ruwa ya fito ta ƙofar da ya zana, ya malale har bakin waya.

Alhaji Balarabe bai iso ba sai da ruwa ya ɗauke sarai, don ba a jiƙa shadda saboda tarihi. Ya zo da wani ma'aikacin rediyo mai rataye da rakoda, ya tsaya inda ba taɓo, ya dafe ƙirji. Mamman ya buɗe kwaɗo ya fito da Sambo, ya ƙame.

"Ga wanda ya hau, yallaɓai."

Darakta ya dubi tsohon, yagaggen wando, taɓo har gwiwar hannu. "Kun gani ko? Shekara guda da rabi gini yana tsaye lafiya saboda mun hana a taɓa shi. Rana ɗaya jahili ya hau da sanda, ga abin da ya jawo."

"Ranka ya daɗe, ai ni ne na..."

"Rufe mana baki! Albarkacin furfurarka ka ci, da yau a ɗaure za ka kwana." Ya juya wajen rakoda, ya gyara murya, muryar ta fara rawar nan tata. "Wannan asara ce ga Arewa baki ɗaya. Abin takaicin, ba za a iya sake irinsa ba. Kwamitina ya bincika lungu da saƙo, masu wannan sana'a duk sun ƙare, babu ko ɗaya da ya rage. Ba abin da za mu iya yi musu yanzu sai addu'a. Allah ya jiƙansu, ya yafe musu. A yi musu fatiha."

Mai rediyo ya ɗaga hannu. Direban Darakta ya ɗaga. Mamman ya maƙale kulki a hammata ya ɗaga nasa, idonsa a ƙasa. Sambo ya tsaya yana kallon bakin Darakta, maganar tana nan a maƙoshinsa, amma ba a katse fatihar mamata, kuma Musulmi ba ya tsayawa hannu a sake ana yi. Ya ɗaga hannuwansa ya karanta tare da su har ƙarshe, ya ce amin, ya shafa, taɓon ya bi fuskarsa.